Shiga falon Centurion na Atlanta da tsohuwa da yara: ya cancanci kuɗinsa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka saba bi ta Atlanta. Ranar Alhamis zan raka Hajiyarmu gida, ta gama zaman jegon da ta zo yi mini. Da safe za mu taso daga Columbus, jirgin Delta na Legas kuma sai yamma, wuni guda ke nan a filin jirgi. Ga Hajiya da ciwon gwiwa, ga Ilham, ga jariri a hannu. Baban Ilham ya karɓa mini katin Platinum na American Express a ƙarƙashin nasa, ya ce da shi ake shiga falon Centurion, wato ɗakin hutawar matafiya na kamfanin a filin jirgi. Za su bar ni in shiga da su Hajiya? Kuma akwai abin da mutum zai ci hankalinsa kwance?

Injiniya Bash: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya raya jariri, ya kai Hajiya gida lafiya. Fara duba katin tukuna: sunanki ne a jiki ko na maigidan? In nasa ne ba za su karɓa ba, domin sai sun haɗa sunan da ke kan kati da na takardar shiga jirgi da na fasfo ko lasin. In naki ne, kuma cikakken Platinum ne wanda ake biya wa dala 195 a shekara, ba ƙaramin nan na kyauta ba, to ke kam kin shiga. Hajiya a matsayin baƙuwa take, dala 50. Ilham in ta kai shekara 2, dala 30. Jariri ba a biya masa. Da can ana shiga da mutum biyu kyauta, amma tun 1 ga Fabrairun 2023 suka soke wannan, sai ga wanda ya kashe dala 75,000 da katin a cikin shekara guda.

Falon yana ɓangaren E, wajen ƙofa E11. Ko a wane ɓangare kuka sauka, ƙaramin jirgin ƙasan da ke ƙarƙashin filin zai kai ku, ba sai an sake yi muku bincike ba. Akwai ƙa'idar cewa ba a shiga sai ya rage awa 3 a tashi, amma wannan ga wanda ya taso daga garin ne. Mai canjin jirgi irinku ana yi masa sassauci, ki dai riƙe takardun jiragen biyu a hannu.

Maman Ilham: Sunana ne a jiki Injiniya, kuma na dala 195 ɗin ne. Na gode ƙwarai. Dala 80 ke nan.

Alhaji Mai Shago: Dala 80 saboda kujera da shayi? Haba ƙanwata. Ki soya kaza tun daga gida, ki zuba dambun nama a roba, ki sayi ruwa bayan an wuce wurin bincike. Dala 80 ɗin nan ki sa wa Hajiya a jaka, in ta sauka ta raba wa jikoki. Mu da muke bi ta filin jirgin JFK na New York zuwa Akra shekara da shekaru a bakin ƙofa muke zama, ba abin da ya same mu.

Anti Hauwa: Alhaji, kai namiji ne mai ƙarfi, jaka ɗaya a kafaɗa. Ka taɓa riƙe jariri da yarinya 'yar shekara biyar da tsohuwa mai ciwon gwiwa a filin Atlanta? Shi ne fa filin da ya fi kowanne yawan fasinjoji a duniya. Kuma a gabansu akwai zaman sama da awa 11 a kujera ɗaya, in sun sauka Legas ga wani jirgin zuwa Kano. A aikina na asibiti abin da muke tsoro ga tsofaffi a doguwar tafiya shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Tsohuwa ta wuni a takure ƙafa a rataye, sannan ta shiga jirgi ta sake takurewa dare guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In akwai wurin da za ta miƙe ƙafa, ta sha ruwa sosai, banɗaki kusa da ita, wallahi ni ina ganin dala 50 ɗinta ba ta tafi a banza ba.

Maman Ilham, ki kira Delta yau ki nemi keken tura marasa lafiya. Kyauta ne, dokar ƙasar nan ta wajabta wa kamfanonin jirgi. Mai turawa zai ɗauke ta daga bakin jirgi, ki faɗa masa falon za ku. Ki tanadi 'yan daloli na ihsani ki ba shi. Safar nan mai matse ƙwauri ma tana taimakawa, amma ki tambayi likitanta kafin ki sa mata.

Alhaji Mai Shago: To Anti, na Hajiya na yarda, uwa ba a yi mata lissafi.

Injiniya Bash: Akwai ma hanyar da ba sai an biya ba. Katin yana zuwa da Priority Pass, wato izinin shiga wasu faluka na filayen jirgi, sai dai dole ki yi rajista a manhaja kafin tafiya, ba ya kunna kansa. Da shi ana shiga falon The Club da ke ɓangaren F tare da baƙi biyu kyauta. Bai kai Centurion girma da abinci ba, kuma yakan cika da yamma lokacin da jiragen ƙetare ke tashi, amma wurin zama ne. Shi kuwa falon Sky Club na Delta, tun Fabrairun 2025 sau 10 kawai mai Platinum ke shiga a shekara, baƙo dala 50, kuma in tikitinku irin mafi arahar nan ne da suke kira Basic Economy ba za su bari ba sam. Centurion ba ruwansu da ajin tikiti.

Malam Abu Sumayya: Salamu alaikum. Tambaya ta biyu ba a amsa mata ba, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Abincin jihohin kudu na ƙasar nan, inda Atlanta take, akwai wurin lura. Ganyen da suke dafawa da wake da wasu miyoyi sau da yawa da naman alade ake ɗanɗana su, ko da ido bai ga nama ba. Kada ki dogara da kallo, ki karanta 'yar takardar da ke gaban kowane kwano, in ba ki gamsu ba ki tambayi ma'aikaci. Kifi, ƙwai, shinkafa, burodi da 'ya'yan itace sun wadatar da matafiyi. Sannan falon yana da mashaya, ana ba da giya kyauta. Hadisin Tirmizi ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ku nemi lungu nesa da wurin.

Maman Ilham: In sha Allahu Malam. Na gode.

Malam Abu Sumayya: Akwai kuma abin da ya fi giyar damuna, tunda ita mutum na iya kauce mata. Shi katin kansa. Ba da ke nake ba Maman Ilham, da mu duka nake. Yarjejeniyar da muke sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin kuɗin ruwa in an jinkirta biya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a karɓi katin bashi mai sharaɗin riba ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi. Hadisin Jabir a Sahihu Muslim kuma bai tsaya kan mai cin riba ba, ya haɗa da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu. Na san rayuwar ƙasar nan, na san ba a ba ka hayar gida mai kyau ko mota sai an duba tarihin bashinka. Wannan lalura ce, malamai sun yi magana a kai. Amma lalura ana auna ta gwargwadonta. Kujera mai laushi a filin jirgi tana cikin lalura?

Injiniya Bash: Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Amma ka san akwai malaman da suka yi rangwame ga mazauna Turai da Amurka in mutum ya tabbata zai biya duka a kan lokaci, suna kafa hujja da ƙissar Barira, lokacin da masu ita suka gindaya wa Nana A'isha sharaɗin da bai inganta ba, Annabi (SAW) ya ce ta saya, sharaɗin ne ya faɗi. Kuma asalin Platinum ba irin katin da ake jan bashi wata da watanni ba ne, ana biyan duka a ƙarshen wata. Daga baya suka ƙara tsarin biya sannu-sannu mai kuɗin ruwa, kuma ana iya kashe shi a manhaja. Ni na kashe nawa, na sa banki ya riƙa cire kuɗin da kansa.

Malam Abu Sumayya: Waɗanda suka hana sun amsa wannan hujjar, Injiniya. A Madina sharaɗin banza faɗuwa yake yi domin shari'a ce ke hukunci. A nan in ka makara, kotu sharaɗin za ta tabbatar a kanka. Ban ce ka yi haramun ba, saɓani ne sananne. Abin da nake roƙo kawai, kada mu riƙa tallata katin a zauren nan kamar ba komai a cikinsa.

Ɗan Damagaram: Malam ya taɓo inda yake mini ciwo. Kowa cewa yake zai biya a kan lokaci. Ni ma haka na ce lokacin da na karɓi wani kati mai tsada irin wannan, na wani banki. Ina tuƙa babbar mota, kuɗi na shigowa, biya ba ya gagara. Sai injin ya lalace a hanya, gyara ya cinye abin da na tara, a watan kuma aka kwantar da mahaifina a asibiti a gida. Da me zan aika? Da katin. Kuɗin ruwan katunan ƙasar nan ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Kana biyan mafi ƙarancin da suka rubuta, uwar kuɗin tana nan ba ta motsi. Na daɗe kafin in fita, kuma duk tsawon lokacin riba nake bayarwa da hannuna ina sane. Injiniya albashinsa tsayayye ne, ba ya rawa. Yawancinmu a nan direbobi ne da masu aikin awa da 'yan kasuwa, kuma kowannenmu akwai gida biyu ko uku a bayansa.

Anti Hauwa: Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da abin da ka yi wa mahaifi.

Alhaji Mai Shago: Bari in ƙara muku wani abu daga bayan kanta. Kuna cewa abincin falo kyauta ne. Duk wanda ya goga kati a shagona, ana yankar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari kafin kuɗin ya iso ni, kuma katunan alfarmar nan sun fi yanka. Ni kuma a kan farashin garin rogo da manja da daddawa nake mayarwa, ba ni da wata hanya. Matar da ta zo da tsabar kuɗinta daga aikin kula da tsofaffi, wadda ba ta taɓa jin sunan Centurion ba, ita ma farashin nan take biya. To da kuɗin wa aka dafa abincin falon?

Sadiya Ɗaliba: Ni dai ina ta karatu shiru. Baba Alhaji, gaskiya ban taɓa kallon abin ta nan ba. Dama ina shirin neman katin ne, saboda ƙawayena duk sun sa hotonsu a falon a Instagram, kuma ana ba da maki masu yawa na sayen tikiti in ka yi sabon rajista. Sau ɗaya nake zuwa gida a shekara. Injiniya, a ganinka ya dace da ni?

Injiniya Bash: A'a Sadiya, bai dace da ke ba, kuma ni mai son katin ne nake faɗa miki. Kuɗin shekara na mai asalin katin dala 695 ne tun 2021, a Satumban 2025 suka mai da shi 895. A kuɗin gida ya haura naira miliyan ɗaya. Katin Chase Sapphire Reserve ma a shekarar ya tashi daga 550 zuwa 795. Za su nuna miki jerin rangwame na otal da Uber da gidajen abinci su ce ya fi kuɗin katin yawa, amma rangwamen a gutsure yake, wani wata-wata, wani duk wata uku, in ba ki yi amfani da shi ba ya wuce. Sai ki ga kina sayen abin da ba ki da niyya don kada rangwame ya ɓace. Makin rajista kuwa sai kin kashe dubban daloli cikin 'yan watanni kafin a ba ki, ɗaliba ina za ta samo su in ba bashi ba? Ni aikina ne ke sa ni hawa jirgi kusan kowane mako, kamfani na biyan tikiti da otal, ina ci a falo maimakon in saya. A nan ne lissafin ke fita. Mai tafiya ɗaya a shekara, ko abinci mafi tsada ya saya a filin jirgi shi da iyalinsa, bai kama ƙafar 895 ba.

Ɗan Damagaram: Wannan ita ce maganar. Allah ya yi maka albarka Injiniya.

Baban Khalifa: Ni abin da ya fitar mini da shi daga rai cunkoso ne. A wani filin jirgi, ba Atlanta ba, na tarar da layi a bakin wani falo ya kai har wajen shagunan turare. Ina tsaye da yara har aka fara kiran jirginmu, muka juya. Tun da aka buɗe Centurion na farko a Las Vegas a 2013 bankuna suka shiga gasa, Capital One ta buɗe nata a Dallas a 2021, Chase ta biyo baya, ana ta raba katuna. Mutane sun yi wa kujeru yawa, shi ya sa ake ta ƙara kuɗi ana rage baƙi.

Injiniya Bash: Shi ya sa na Atlanta ya fi sauƙi. A Fabrairun 2024 aka buɗe shi, kuma da aka buɗe ya fi duk sauran Centurion girma, wajen murabba'in ƙafa 26,000. Maman Ilham, da zarar kun sauka ki buɗe manhajar American Express, in akwai jira ki sa sunanki tun kina hanya.

Shugaban Zaure: Jama'a an gode. A riƙa tunawa baiwar Allah tambaya ta yi, kuma katin ba ita ta karɓo ba. Maman Ilham, Allah ya tsare hanya, a gaida Hajiya.

Maman Ilham: Salamu alaikum, mun iso Kano lafiya, alhamdulillahi. Na ga an ci gaba da magana bayana, na karanta duka. Bari in ba ku labari tunda kun taimaka.

Mai keken ya kai mu har teburin karɓar baƙi. Suka duba katina da fasfo da takardun jirgi, suka cire dala 80 a katin. Wurin yana da faɗi da haske, ga wata bishiyar zaitun a tsakiya. Hajiya ta sa aka tsayar da keken, ta ce ita dai a Alƙur'ani take jin zaitun, sai man da ake kawowa daga Makka, ba ta taɓa ganin bishiyar ba. Muka sami lungu kusa da taga, nesa da mashaya kamar yadda Malam ya ce. Ta cire takalmi, na jawo mata ƙaramar kujera ta ɗora ƙafafu. Na kawo ruwan zafi, ta kwance ƙullin kayan shayinta na citta da kanumfari daga bakin mayafi ta zuba. Ba a jima ba barci ya ɗauke ta, irin wanda ba ta samu ba tun daren shirin kaya.

Abinci na tambaya kafin in ɗiba, ma'aikaciyar ta bi kwanukan da ni ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙosawa ba. Muka tsaya kan abin da ba nama da 'ya'yan itace. Akwai baranda a waje inda ake ganin jirage, can Ilham ta ƙare zamanta, ni kuma na samu na shayar da jariri a natse. Banɗaki tsaf, muka yi alwala. Salla kuma muka fita zuwa ɗakin ibada na filin jirgin da ke nan ɓangaren E, muka haɗa Azahar da La'asar, Hajiya a zaune.

Anti Hauwa, ƙafarta ba ta kumbura ba kamar lokacin zuwa. Don wannan kaɗai ban yi da-na-sanin kuɗin ba. Amma Baba Alhaji, dambun naman ma na tafi da shi, a cikin jirgi ya yi mana rana.

Anti Hauwa: Alhamdulillahi! Barka da sauka. Ki sa ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida kwanakin nan.

Alhaji Mai Shago: Barka da hanya ƙanwata. Tunda Hajiya ta yi barci, an ci riba.

Malam Abu Sumayya: Barka da sauka, Allah ya karɓi hidimar da kika yi wa mahaifiya. Alhaji, riba ta halal kake nufi in sha Allahu. Injiniya, akwai abin da na ci gaba da dubawa. Hukuncin majalisar nan ya halatta kuɗin shekara tsayayye in ladan hidima ne na gaskiya, ba ƙari a kan bashi ba. To 895 ɗin nan, ladan falo da sauran hidimomi ne, ko kuwa akwai kuɗin damar cin bashi a ciki? In na farko ne, da a ce suna sayar da shiga falon shi kaɗai ba tare da katin bashi ba, da magana ta ƙare.

Injiniya Bash: Centurion ba a sayen shigarsa sai da kati, Malam. Amma Priority Pass kamfani ne mai zaman kansa tun 1992, ana iya yin rajista da shi kai tsaye a biya daga asusun banki, ba bashi a ciki. Wasu falukan ma, irin The Club, suna sayar da shiga ta yini ɗaya in akwai wuri. Ga wanda zai raka tsoho sau ɗaya a shekara, wannan ta fi masa.

Sadiya Ɗaliba: To ni na fasa neman katin. In zan tafi da Kakata a Disamba sai in sayi na yini ɗayan.

Shugaban Zaure: Madalla. Tambayar Malam kan kuɗin shekara ba za mu yanke ta a nan ba. Ranar Lahadi bayan La'asar agogon New York akwai karatun zaure ta Zoom, za mu gabatar da ita ga limamin da ke mana darasi. Injiniya, ka turo mana takardar sharuɗɗan katin, shafin kuɗin ruwa da na tarar jinkiri, domin a karanta masa ainihin abin da aka rubuta. Ɗan Damagaram, in ba ka kan hanya muna so ka halarta.

Ɗan Damagaram: Ina da lodi zuwa Memphis ranar, amma zan tsaya a wurin hutawar direbobi in shiga ta waya in sha Allahu.